Ramin Tanar Yaya

Da, idan ruwan farko ya sauka a Fammar, washegari kana fita fadama za ka tarar ƙasa ta yi 'yan tulluwa, kamar an bi an ɗiɗɗiga kunu mai kauri. Kashin tana ke nan, wato jar tsutsar nan mai santsi da ke zama cikin ƙasa mai laima. Da shi dattawa suke auna gona. Mutum ya durƙusa, ya murje shi a tafin hannu, ya ce nan zai yi, can a bar shi ya huta. Yanzu ba mai durƙusawa. Da buhu ake auna gona, buhun takin zamani nawa ta ci, yaran da aka haifa bayan mulkin kai kuwa in sun ga tana sai su take ta, ko su jefa wa kaza.

Mutum na ƙarshe da na sani yana durƙusawa shi ne wana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Yaya, mai kiwon tana. Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Talata bayan la'asar, dawa ta fara kai. Na rubuta wannan ne don kada a manta da shi, da kuma don akwai maganar da ban gaya masa ba.

Kwana uku na yi a kan tabarmar makoki ina karɓar gaisuwa, kuma ba zan ɓoye ba, ina ƙirga mutane. Na ga jana'izar manyan fatake a Kumasi, na ga ta wani shehi a Sudan. Ban taɓa zaton manomin da bai taɓa wuce birnin Kano ba zai tara jama'a haka. Daga Rano aka zo, daga Kibiya, daga Rurum Tsohon Gari da Sabon Gari, wasu a kan jaki, wasu a ƙasa. Ana addu'a ina shafawa, zuciyata tana tambayata: kai in ka mutu, mutum nawa za su bar gonarsu a irin wannan lokaci su zo?

Wani tsohon Bafulatani, wanda shanunsa suka daɗe suna kwana a gonar Yaya da rani, ya durƙusa gabana ya ce, "Alhaji, sai haƙuri. Kaɗon nan dai ya tafi wajen garkensa. Yau za su rama kiwon da ya yi musu."

Aka yi murmushi, don abokin wasansa ne. Liman ya girgiza kai ya ce, "Da yana nan da ya gyara maka magana. Tana ba ta cin nama. Sau nawa ya gaya mana?"

"Sau dubu," in ji Bafulatanin. Sai ya sa gefen rawani ya rufe fuska.

Wata tsohuwa daga Kibiya ta aiko a kira ni bakin zaure. Ta ce lokacin da mijinta ya mutu ya bar mata 'ya'ya huɗu, Yaya ya kawo mata tukunya ɗaya ta baƙar ƙasa mai motsi, ya haƙa mata rami a bayan ɗaki, ya koya mata abin da za ta riƙa zubawa. Da alayyafo da yakuwar bayan ɗakin nan ta raine su. Ta ce, "Kai ne ƙanensa da ya je ƙasashe, ko? Yana yawan maganarka." Na so in tambaye ta me yake cewa, ban iya ba.

Shekara biyar Yaya ya ba ni. Da dagaci ya nemi yaro ɗaya daga gidanmu don makarantar boko, ni Baba ya bayar. Na daɗe ina ɗauka zaɓena aka yi. Sai da na girma na gane wanda ba a iya rabuwa da shi aka riƙe, domin Yaya ya riga ya iya garma. Daga makaranta na shiga soja, aka kai mu yaƙin Bama, can ƙetaren teku. Da aka sallame mu na bi fataucin goro Kumasi da Ikko, na bi hanyar ƙasa ta Fallomi a ƙasar Cadi da Sudan na sauke farali. Na dawo gida a shekarun da ake ta maganar karɓar mulkin kai, da Turanci da Larabci da Yarabanci da ɗan Faransanci a bakina, da takalmin soja a ƙafata. A duk Fammar ni kaɗai ke da irinsa, kuma ko bayan gida ba na zuwa sai da shi. Hukumar gona ta ɗauke ni tafinta, ina bin Baturen gona ƙauyuka muna bayanin takin zamani.

Ranar da na dawo ban sami Yaya a gida ba. Matarsa ta ce, "Je ka lambu, yana wajen amarensa." A gindin wata ɗorawa na same shi, gefen lambun albasar Baba, ya durƙusa bakin wani rami mai tsawon mutum biyu, zurfinsa iya gwiwa. Ya ɗage tsohuwar tabarmar da ya rufe shi, ya tura hannu cikin ruɓaɓɓen ganye, ya ɗebo. Hannun ya fito da tana fal, suna lanƙwasa suna neman ɓuya.

Na ja da baya, sannan na ji kunyar ja da bayan, sai na ce, "Yarabawa ekolo suke ce mata. Larabawa kuma dudatul ardi." Na ƙara masa da na Turawa da na Faransawa.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Madalla. Ka san sunanta da baki biyar. To me ta ci jiya?"

Ban sani ba.

"Ɓawon kabewa," ya ce. "Ga shi nan, ta bar maka fatar."

Haka yake. Ba ya gardama, tambaya ɗaya zai yi maka ka kwana kana juyi. Ba wanda ya koya masa wannan kiwo. Tun yana yaro ya lura inda tana ta yi yawa a nan albasa ke yin kai, sai ya ce maimakon ya jira ta zo, bari ya yi mata gida. Abincinta ya sani kamar yadda Bafulatani ya san ciyawa. Ganyen ɗorawa da ya faɗi ya yi baƙi, ragowar harawa da ruwa ya taɓa, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, 'yar dusa, kashin shanu da ya huce. Ɗanyen kashi ba ya zubawa, ya ce zafinsa dafa su yake. Ɗanyen ganye ma sai ya ajiye shi gefe ya fara ruɓa, domin a cewarsa, "Ba ta da haƙori. Tsohuwa ce, sai mai laushi." Lokaci lokaci yakan watsa musu tafin rairayi, mutane suna dariya. Ya ce ai ƙundu gare ta kamar kaza, da tsakuwa take niƙa. Abin da ta ci ta fitar shi ne yake kwashewa da ƙwarya ya zuba a fangalin albasa, baƙi wuluk, ba wari, sai ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa.

Matarsa ta sha wahalarsa. Kwando biyu take ajiyewa a madafa, ɗaya na abin da za a kai rami, ɗaya na abin da ba za a kai ba: barkono, ɓawon albasa, lemun tsami, duk abin da mai ko gishiri ya taɓa. Ran da ta haɗa su za a yi shari'a. Na taɓa jinta tana cewa, "Ni tun da na zo gidan nan ba ka taɓa tambayata me na ci ba." Ya ce, "Ke ai kina da baki." Kajinta kuwa su ne manyan abokan gabarsa. Ya taɓa korar wani zakara tun daga lambu har ƙofar masallaci.

Abin da ke ɓata masa rai da gaske shi ne a haɗa tana da sauran tsutsotsi. Ya ce tsutsar nama ƙuda ne uwarta, tsutsar ciki da kurkunu kuwa a jikin mutum suke ci, ɓarayi ne. "Wannan kuwa abin da kowa ya yar take ci, ta mayar maka da taki. A cikinku wa ke yin haka?"

Yana da wata ɗabi'a da na ƙi jini a lokacin: ɗanɗana ƙasa. Duk gonar da aka kira shi ya duba, sai ya ɗebi kaɗan ya sa a harshe, ya lumshe ido, ya tofar, sannan ya yi magana. Na gaya masa a asibitin soja an koya mana cuta ke shiga ta haka. Ya ce, "Gaskiya ne. Amma ita ƙasar ba ta yi boko ba, ba za ta rubuto mini ba."

Baba ya tsufa a lokacin, idonsa ya fara rauni. Kullum da yamma nakan zauna kusa da shi in ba shi labarin teku da jirgin ruwa da giwayen da ke ɗaukar katako a Bama. Yakan ce, "Ikon Allah." Amma da zarar ya ji tafiyar Yaya sai ya ɗaga kai ya ce, "Ya ka baro lambun?" ko da ina tsakiyar teku. Abin da nake so bai da yawa. Ina so Baba ya ba ni rabin lambun nan in zuba takin zamani, albasa ta yi, ya faɗa da bakinsa cewa wannan ɗan nasa ma ya san wani abu.

Ni na jawo Baturen gona Fammar, don Baba ya gan ni ina Turanci. Da rani ne, ana ban ruwa da jigo. Aka shimfiɗa wa Baba buzu a inuwa, dattawa suka zauna. Na fara bayanin taki ke nan, Baturen ya hangi ramin. Ya ɗage tabarma, ya cire hularsa, ya durƙusa a ƙasa da gajeren wandonsa. Daga nan ban sake zama komai ba sai bututun da magana ke bi.

Ya tambaya ina idonta. Yaya ya ce ba ta da ido, amma fatarta na jin haske, shi ya sa take gudun rana. Ya buga ƙafa a ƙasa, duk suka nutse, ya ce kunne ma babu, motsi take ji. Ya tambaya ta ina take numfashi. Yaya ya ce ta fata, shi ya sa in ta bushe ta mutu, in ruwa ya cika ramin kuma sai ta fito. Ya tambaya ina suke zuwa da rani a gonakin tudu. Yaya ya ce ya taɓa haƙa rijiya ya same su can ƙasa, kowace ta naɗe kanta kamar gammo cikin ɗan ɗakin da ta shafe da yauƙinta, suna jiran damina. Ya tona ya ɗauko wani abu kamar ƙwayar dawa, ruwan ɗorawa, ya ce ƙwanta ke nan. Baturen ya ciro gilashin ƙara girman abu ya duba, ya miƙa wa Yaya. Ni bai miƙo mini ba.

Sai Yaya ya ɗauko babba guda, ya nuna wani kauri da ya zagaye ta kusa da kai. Ya ce, "Tambaye shi. Duk wadda ta girma sai ta yi ɗamarar nan, kuma duk mai ɗamara sai ta ajiye ƙwai. Na ware su a tukwane na gwada. To ina mazan? Ni dai a ganina kowace ɗaya mace ce kuma namiji ce, sai dai dole su haɗu biyu."

Dattawa suka yi salati, wani ya ce a'uzu billahi. Ni ban taɓa jin haka ba, kuma na ji kunya a ce ɗan'uwana ne ya faɗa. Na juya na gaya wa Baturen da Turanci cewa wannan wani camfi ne na mutanen ƙauye, kada ya damu.

Baturen ya dube ni. Ashe yana jin Hausa fiye da yadda yake nunawa. Ya ce da Hausarsa mai karkata, "Malam, ba haka ya ce ba. Kuma gaskiyarsa. Haka yake a littafi." Ya juya wajen Baba ya ce, "Tsoho, ɗanka wannan malami ne."

Baba ya ce, "Wanne?" Don bai ga inda aka nuna ba.

"Mai tsutsa."

Aka yi dariya. Na tsaya da takardar taki a hannu har aka gama. Tambayar ƙarshe da Baturen ya yi ita ce me ke kashe su. Yaya ya ce rana, da kaza, da kwarkwasa, amma babu kamar gishiri da kanwa, su ruwan jikinta suke zuƙewa. Wannan kam na fassara shi daidai, kalma da kalma.

Da yamma Baba ya ce a gaban baffanninmu lambu ya zauna a hannun Yaya gaba ɗaya, ni in gwada takina a gonar tudu.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya maza suka tafi masallaci a Kibiya. Na ce kaina ke ciwo. Da gari ya yi shiru na shiga rumbun da ake ajiye kanwar dabbobi, na ɗebi mai yawa, na haɗa da gishirin da na zo da shi tsaraba, na jiƙa a tulu. Rana tana tsaka na sauka lambu. Yaya ya yi ban ruwa da safe, bakin ramin duk laka. Na ɗage tabarma na juye tulun daga wannan kai zuwa wancan.

Na ga yaƙi, amma ba na son tuna abin da na gani a ramin nan. Suka fito gaba ɗaya, dubbai, suna murɗewa suna bugun ƙasa, farar kumfa na fita daga jikinsu. Ba ƙara ko kaɗan. Da suna da murya da na fi samun sauƙi. Na yar da tabarmar gefe, na wanke tulu a rijiya, na koma ɗaki na kwanta.

Ana la'asar na ji hayaniya. Yaya ne ya riga kowa sauka lambu, kamar kullum. Da na iso tare da jama'a, an riƙo hannun Baba, na same shi a tsaye bakin ramin, ƙafafunsa duk laka har idon sawu, kaji sun kewaye shi bai kore su ba. Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya sa a harshe. Ya daɗe bai tofar ba.

Baba ya ce, "Mene ne?"

"Kanwa ce, Baba. Da gishiri."

"Wa ya yi?"

Na ji gumi yana bin bayana. Yaya bai dubi kowa ba. Ya ce, "Ni ne. Tulun da na jiƙa wa jaki kanwa na ɗauka da asuba ban duba ba."

Baba ya yi masa faɗan da ban taɓa jin ya yi masa ba. Ya ce Bature ya kira shi malami kansa ya kumbura, shekara goma sha yana kiwo ya kashe da hannunsa. Yaya yana durƙushe yana cewa, "Allah ya huci zuciyarka." A nan take Baba ya ce a raba lambun biyu, a ba ni rabi. Ina tsaye. Bakina yana da harshe biyar, ko ɗaya bai motsa ba. Na gaya wa kaina Yaya ya ɗauka da gaske kuskurensa ne, tun da kuwa yana jiƙa wa jaki kanwa. Da wannan na rayu shekara ashirin da wani abu.

Kwana uku Yaya ya yi yana kwashe ƙasar ramin yana zubarwa nesa. Ya haƙa sabo a ɗaya gefen ɗorawar. Da rani ne, ba a samun tana a sama, sai ya tafi Rurum Tsohon Gari wajen kawunmu, inda akwai wani lungu a gindin duwatsu da ba ya bushewa. A ƙasa ya je, a ƙasa ya dawo, da tukunya a ka an rufe ta da jiƙaƙƙen tsumma, duk inda ya ga rijiya sai ya tsaya ya yayyafa mata ruwa. Ba su fi cikin tafi biyu ba. Kafin damina biyu sabon ramin ya fi tsohon, don wannan karon ya yi masa rumfa ya kewaye shi da ƙaya. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Ni na ga hakan da idona, kuma ni ne takin.

Rabin da aka ba ni ya yi albasa shekara biyu, har Baba ya ce, "Ba laifi." Iyakar abin da na samu ke nan, ba laifi. Ba takin ne ya cuce ni ba, ni ne nake share kowane ganye in ƙone don wuri ya yi tsabta irin na gonar gwaji. A shekara ta uku ƙasar ta yi tauri, in an zuba ruwa sai ya kwanta a sama. Kana tsayawa a kan iyaka za ka ga bambanci, nasa baƙi mai taushi, nawa fari kamar daɓe. Yaya ya ce, "Ka bar musu abin ci mana, za su ƙetaro." Na ce ba na bukata. A shekarar da aka karɓi mulkin kai na ajiye aikin tafinta na koma fatauci. Ina Kumasi Baba ya rasu.

Bayan shekara biyu wani direba ya sauke mini buhun albasa a zango, kowace kamar dunƙulen hannu. Ya ce, "Wanka ya ce a gaya maka ta gonarka ce." Haka kowace shekara, duk inda nake sai buhun nan ya same ni. Ya farfaɗo da rabin nawa, bai haɗe shi da nasa ba, iyakar ma bai taɓa ba. Mutanen zango suna cewa na yi dacen ɗan'uwa. Ni kuwa ko a miya na ji ta sai ta tsaya mini a wuya. A ƙasashen da na zauna na ga masu ilmi da masu dukiya, ban yi ƙyashin kowa ba. Mutum ɗaya na yi wa, mai tsagaggen dunduniya.

Sau ɗaya na kusa faɗa. Bayan na dawo gida gaba ɗaya, mun tsufa mu biyu, na same shi yana gyaran fangali. Na zauna a bakin rijiya na ce, "Yaya, akwai wata magana ta tun zamanin Baba."

Daidai nan fartanyarsa ta raba wata tana biyu. Ya ce, "Kash." Ya ɗauki guntayen a tafinsa ya matso. "Ka ga, mutane na cewa in an yanke ta biyu take zama. Ƙarya ne. Wutsiyar nan motsin banza take, kafin magariba ta mutu. Amma mai kan, in yankan bai taɓa ɗamara ba, sai ta warke ta tsiro wata."

"Yaya, maganar da nake..."

"Sai dai ba a tona ta ana dubawa. Rufe ta ake a ƙyale ta." Ya tura mai kan cikin ƙasa mai laima, ya rufe da ganye. "Miƙo mini gugan nan."

Na miƙa masa. Na ce a raina wata rana. A lokacin na ɗauka surutunsa ne na kullum.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun watse da hantsi, matarsa ta aiko a kira ni. Tun ina aikin hukumar gona Tafinta take ce mini, ni kuma in ce mata Uwargida. Na same ta a ƙofar madafa, ga kwandunan nan biyu a gefenta.

Ta ce, "Tafinta, kwana bakwai ba a ba amaren wanka abinci ba. 'Ya'yansa duk suna birni, ni kuma takaba ta hana ni fita."

Na ce, "Sai a nemi wanda ya iya."

"Ya riga ya nema. Ya ce ramin naka ne." Ta gyara lulluɓi. "Ya ce kuma in ɗauke kanwa daga inda za ka gani."

Na ce, "Me ya gaya miki?"

"Ni bai gaya mini komai ba sai da ciwo ya kwantar da shi. Amma ai ni na sake wanke tulun nan, bayan ka yi masa wankin rabi da rabi." Ta yi 'yar dariya, hawaye na zuba. "Ya ce ranar da ya sauka lambu, sawun takalmin soja ne tun daga rijiya har bakin rami, kamar an buga hatimi. Wa ke da takalmin soja a Fammar? Sai ya bi shi ɗaya bayan ɗaya yana takewa da ƙafa kafin a kawo Baba."

Sai na tuna ƙafafunsa da laka har idon sawu.

Na ce, "Me ya sa bai faɗa ba?"

"Na tambaye shi. Ya ce da Baba ya sani da ya yi maka baki, bakin uba kuwa ba ya warkewa. Tana dai ana samo wata a Rurum."

"Ya yafe?"

"Ya ce tun kafin ya tofar da ƙasar." Ta turo mini kwando ɗaya da ƙafa. "Wannan ne nasu. Kada ka haɗa da wancan, ya sha yi mini shari'a a kai."

Na ɗauki kwandon na sauka lambu. Zan so in ce a hanya zuciyata ta wanke, amma ta'aziyya ba wurin ƙarya ba ce. Abin da na fara ji shi ne tsohon ciwon nan: ko a nan ma ya fi ni. Na yi shekaru ina tattalin kalmomin da zan roƙe shi da su, ashe ya gama da maganar tun ina tsaye ina gumi. Sai da na ɗage tabarma na ga sun taso saman ganye suna neman abinci, sannan na durƙusa na yi kukan da ban yi a makabarta ba.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya wa bayinsa marasa baki, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, in da saura ya sa ni.

Yanzu kullum da safe ni ke kai kwando gindin ɗorawa. Na san abin da suka ci jiya. Na sa an rushe iyakar da ke tsakiyar lambun, ya koma ɗaya yadda Baba ya fara faɗa. Amma na gwada sa ƙasa a harshe, ban ji komai ba sai ƙasa. Wanda yake jin abin da take cewa ya tafi, kuma a Fammar babu wani.